Ranar da Yaya Disa Ya Ajiye Taurarinsa

Shekara shida ke nan a wannan watan da muka kai Yaya Disa makwancinsa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. A unguwarmu ta Yerimaram an san shi da malamin dabbobi mai ritaya, wanda ake buga wa ƙofa idan akuya ta kasa haihuwa ko tunkiya ta kumbura. Amma akwai inda sunansa ya fi nisa, wato wani zaure na masu kiwon kaji da ke intanet, kuma a kan abin da ya faru da shi a can nake son in yi magana.

Wasu matasa biyu 'yan unguwar Dogo Nini ne suka buɗe zauren, lokacin da manyan wayoyi suka fara yawa a hannun mutane. Yaya shi ne mutum na huɗu da ya yi rajista, ni kuma ya jawo ni bayan 'yan watanni. Tsarin wurin mai sauƙi ne. A ƙarƙashin sunan kowa ana nuna shekarar da ya shigo, da yawan rubutun da ya yi, sai taurari. Sabon shiga ana kiransa Baƙo, ba shi da tauraro ko ɗaya. In ya ɗan jima yana magana ya zama Ɗan Gida. Wanda ya haɗa daɗewa da yawan rubutu shi ne Dattijo, mai taurari biyar. Yaya Dattijo ne tun zauren bai cika mutum ɗari ba. Ni ma na kai taurari huɗu, amma gaskiya surutu ne ya kai ni. Ina cikin masu rubuta "Allah Ya ƙara basira, Dattijo" a ƙarƙashin duk abin da ya faɗa, ita ma kuwa ana lissafa ta a matsayin rubutu.

Ba zan ce girman da ake ba shi na banza ba ne. Ya yi shekaru yana amsa tambayar mutanen da bai taɓa gani ba, daga yadda ake ɗumama 'yan tsaki zuwa lokacin rigakafi. Da yatsa ɗaya yake rubutu, gilashi a ƙarshen hanci, yana zaune a kan buhu a ƙofar ɗakin kajinsa. Mutane sun gwada maganarsa sun ga amfaninta. Abin da ba mu lura ba shi ne, a hankali mun daina karanta abin da aka rubuta, sai dai mu duba wanda ya rubuta.

A wata damina kaji suka fara mutuwa. Ƙwai ya ragu, kaji suka daina cin abinci, sai ka wayi gari ka tarar da uku ko huɗu a kwance. Koke ya cika zauren. Yaya ya duba hotunan da ake turowa ya ce taifot ɗin kaji ne, ya faɗi maganin da za a zuba a ruwa. Kowa ya ruga kemis ɗin dabbobi.

Kwana biyu bayan haka wata mata ta yi rubutu. Sunanta Madam Rahila, mutuniyar Filato ce, aikin mijinta ya kawo su Damagum. Baƙuwa ce a zauren, wannan ne rubutunta na uku. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, tana juya namiji mace. Ta ce, da izinin Dattijo, ita tana ganin ba ciwo ba ne, abinci ne. Ta lura duk masu kuka su ne masu haɗa abinci da kansu, da masarar da aka saya bayan ruwan da ya shiga wasu shaguna. Ta ce ta fasa ƙwayar tata ta ga fumfuna a ciki, ta canja abinci, kuma "kaji na ya daina mutuwa."

Aka yi mata ca. Wani ya tambaye ta a wace makaranta ta karanta dabbobi. Wani ya ce baƙi su riƙa sauraro tukuna. Wanda ya fi kowa zafi ya rubuta: "Baiwar Allah, ki fara koyon Hausa, sannan ki zo ki koya wa Dattijo aikinsa. Jiya-jiya kika shigo." Mutum fiye da talatin suka danna alamar yabo a kai. Ni ne na rubuta wannan. Madam Rahila ta fita daga zauren.

Yaya bai zage ta ba, amma bai tsawata mana ba. Daga baya ya gaya mini ya karanta rubutunta, ya ga babu tauraro a ƙarƙashin sunan, ya wuce.

Mako biyu ana zuba magani, kaji ba su daina faɗuwa ba. Nawa fiye da rabi suka tafi. Akwai wata bazawara a unguwarmu da ke riƙe marayunta da kuɗin ƙwai, ɗakin kajinta ya koma fanko. Wata safiya Yaya ya zo gidana da 'yar wuƙarsa ya fede kaza biyu da suka mutu. Ya daɗe yana kallon hantar. Sannan ya ce in kawo masa buhun masarata. Ya ɗebo, ya shinshina, ya fasa ƙwaya da haƙori ya tofar. Ya zauna a ƙasa, shi da ba ya zama a ƙasa saboda gwiwa.

Ya ce, "Maina, matar nan gaskiya ta faɗa."

Na ce ai kowa yana kuskure. Ya ce kuskuren bai dame shi ba kamar yadda ya dame shi cewa an kawo gyara tun kwana na biyu, shi kuma ya bari aka kore ta. A nan tsakar gidana ya rubuta wa zauren cewa kowa ya dakatar da magani ya zubar da masarar. Ya rubuta a fili cewa shi ne ya yi kuskure, Madam Rahila ce ta gano, kuma kajin da suka mutu a mako biyun nan da hannunsa a ciki.

Washegari ya ce in raka shi Damagum wajen Madam Rahila. Na ce ina da aiki. Ba ni da wani aiki, kunya ce da girman kai. Ya hau keke napep zuwa tasha shi kaɗai, ya shiga motar haya. Bai san gidanta ba, sai da ya bi masu shayi yana tambayar matar Filato mai kawo musu ƙwai. Da ya dawo da la'asar bai ba ni labarin abin da suka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana uku sunanta ya sake bayyana a zauren.

Daga nan ya kawo shawarar a cire taurarin gaba ɗaya. Rigimar da ta biyo baya ta fi ta kajin. Tsofaffin 'yan zauren suka ce su suka gina wurin, ba za a daidaita su da wanda ya shigo jiya ba. Matasa masu rubutu dare da rana suka ce a bar taurari amma a daina duba daɗewa, don wasu Dattawan sai su yi wata ba su ce komai ba. Kowa dai tsarin da zai ɗaga shi yake so. Aka kaɗa ƙuri'a, shawarar Yaya ta faɗi ƙasa warwas.

Sai ya roƙi a cire nasa shi kaɗai. Masu kula da zauren suka ce na'ura ce ke sakawa, ba za su iya ba. Shi ne ya rufe tsohon shafinsa ya sake rajista, da sunansa dai, ya koma Baƙo.

Tsofaffi sun san shi, amma zauren yana ta cika da sababbin mutane daga Gombe, Azare, har Maiduguri, su kuwa abin da ke ƙarƙashin suna kawai suke gani. Na sha ganin ya ba da amsa mai kyau, babu wanda ya kula, bayan awa ɗaya wani mai taurari biyar ya maimaita maganar, godiya ta yi ta zuba. Akwai ranar da wani ya ce masa, "Malam, bari manya su amsa." Raina ya ɓaci, na ɗauki waya zan rama masa. Ya riƙe hannuna yana dariya.

Ya ce, "Bar shi. Shekara nawa ana gaya wa mutane haka a gabana ban ji ɗacinta ba? Yanzu na ji."

Ba zan ɓoye ba, wani lokacin abin yana taɓa shi. Matarsa, Anti Hajara, ta ce yakan ajiye wayar, ya fita wajen kaji ya daɗe. Mutum ne, ya saba a tashi masa. Amma bai koma tsohon shafin ba. Ya kai tauraro biyu lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ya hana shi rubutu. Bayan wata bakwai Allah Ya karɓi abinSa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zauren a yau. Yanzu ba a cika rubutu ba, murya ake turowa da bidiyo, kuma wanda ya fi yawan fitowa shi ne malami. Akwai saurayin da bai cika shekara biyu da fara kiwo ba, amma kullum sai ya turo bidiyo uku, mutane suna kiransa Dakta. Tsofaffin Dattawa suna gefe suna gunagunin an daina ganin girmansu. Ina jin Yaya ba zai goyi bayan kowa a cikinsu ba. Ya san daɗewa tana da amfani, don wanda ya daɗe an ga ranar da ya dace da ranar da ya kuskure. Ya san kuma in babu masu yawan magana zaure mutuwa yake yi. Abin da ya ƙi shi ne a mayar da ɗayan biyun hujjar gaskiya. Ina ganin zai saurari saurayin nan har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa fede kaza da hannunsa.

Idan na auna abin da ya bari, ba zan ce ya gyara zauren ba. Taurari suna nan, ana kuma ci gaba da yi wa baƙi tsawa. Yawancin waɗanda ke ciki yau ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya rage 'yan mutane ne da suka ga dattijo ya ce "na yi kuskure" a gaban ɗaruruwa ba tare da an tilasta shi ba, suka kasa mantawa.

Ni kuwa sai bana na iya abin da ya kamata in yi tun yana raye. Madam Rahila takan zo gaida Anti Hajara duk shekara a irin wannan lokaci, ni kuma kullum sai in san yadda na yi na bar gidan kafin ta iso. Wannan karon na zauna. Bayan an gaisa an yi wa mamaci addu'a, kowa da irin tasa, na ce mata ni ne na rubuta maganar nan ta koyon Hausa, ta yafe mini.

Ta dube ni ta ce, "Malam Maina, na sani tun ranar da Baba Disa ya zo Damagum. Ya ce wanda ya rubuta ƙaninsa ne, kuma don ya kare shi ya yi, saboda haka laifin nasa ne. Ya roƙe ni in yafe maka, na yafe a ranar. Ya ce kar in gaya maka, wai za ka zo da ƙafarka."

Anti Hajara ta sa gefen mayafi ta share ido. Madam Rahila ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ka dai daɗe a hanya."