Motar Yaya a cikin ordinatar

Yayana direba ne. Tun ina lakwal, makarantar boko, yake jan motar haya tsakanin Magariya da Waca, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a tasha, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi. Amma ba hannun ne ya fi ba ni tsoro ba. Mutumin da ba a iya hira in yana wuri saboda surutu, shi ne ya koma kwanciya fuska ga bango. Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri, in bai tashi zaune yana motsa jikin nan ba, sauran ma zai sandare. Matarsa ta yi lallashi ta gaji. Ni kuwa da ba ni da haƙuri na yi faɗa har muryata ta dushe, ko juyowa bai yi ba.

Aikina buga takardu ne, kuma ina da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a gida wadda cuta ta cinye. Kowa ya zo da kile ɗinsa, ɗan abin nan na kwasar waƙoƙi da hotuna, ya soka, a kwashi waƙoƙi a bar mini ƙwayoyin cuta, har ta daina tashi. Maƙwabcinmu malamin lissafi ne a kwaleji, Mushe muke ce masa kamar kowane malamin lakwal. Shi ya share ta tas, ya sa mata wani tsari daban wanda ba a saye, kowa kuma yana iya buɗe cikinsa ya gyara. Bakinsa ba ya gajiya da yabon tsarin nan, sai ka ce shi ya haife shi.

Na ce, "Mushe, wasan motar nan da yake ciki da can fa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce wasan don tsohon tsarin aka yi shi, a nan sai da tafinta a tsakani, wani ɗan shiri da ke fassara wa injin abin da wasan yake so. Ya sa shi, ya kuwa tashi, amma wayyo! Motar tana tafiya kamar amalanken jaki da ya ɗauko gyaɗa, hoton yana ɗan tsayawa yana ci gaba. Mushe ya ji kunya, ya ce zai nemo magani.

Haka na kinkimi ordinatar nan na kai ɗakin Yaya, na kunna, na ƙure ƙarar injin motar, na yi ta afka wa bango da gangan. Ba a jima ba na ji murya daga kan gado, a karkace amma tasa ce: "Ke, wa ya koya miki shiga kwana da wuta?"

Na ce, "To zo ka nuna mini, direba."

Sai da muka kama shi ni da matarsa muka jingina shi da filo. Da hannun hagu ya fara, yatsa ɗaya, yana danna maɓallan nan na gefe. Ya yi bisimilla kafin ya tayar da motar, na kusa fashewa da dariya na danne. Wasan tsere ne, shi kuwa ba ruwansa da tsere. Yana bin hannunsa, yana rage gudu kafin kwana, yana ba na baya hanya. In hoton ya sarƙe sai ya ce, "Gargada ce, hanyar Waca da damina ta fi wannan." Kullum shi ne na ƙarshe, amma motarsa ba ta taɓa ko ƙwarzanewa ba, kuma da haka yake yi mana taƙama.

Wata ya zagayo, wani ya bi shi. Yaya ya koma tashi zaune da kansa, yana tambayar ko an kawo wuta. Har ya fara ɗora hannun dama a kan maɓallin birki, yatsun suna rawa suna dannawa. Ranar da na ga haka na fita bayan ɗaki na yi kuka na more.

Mushe kuwa abin yana cinsa. Wata rana bayan la'asar ya shigo yana washe baki, ya ce mutanen da ke kula da tsarin sun fitar da sabon gyara, yanzu wasanni da yawa suna gudu sumul. Na ce maza ya sa, Yaya ya cancanci mota mai lafiya. Ya sa. Wallahi gaskiyarsa, hoton ya zama kamar telebijin, motar ta miƙe tana cin hanya. Mu biyu muka tsaya muna murna.

Yaya ya karɓa. Kwanar farko ta zo masa kafin yatsansa ya kai birki, motar ta daki ƙarfen gefe. Ya sake, ta juya ta kife. Ya sake. A karo na gaba da ta kife, ya ɗauke hannun dama da na hagu ya ajiye a cinya, ya ce a kashe. Washegari bai tambayi wuta ba, jibi ma haka, kuma ya fara barin abinci.

Na je na sami Mushe a fusace, alhali ba shi da laifi. Na ce ya ɓata mini ordinatar nan kamar da. Ya dube ni ya ce duniya kowa gudu yake nema, ni kaɗai na zo neman a gurgunta mini inji. Amma mutumin kirki ne, ya zauna ya yi ta lalube har ya gano inda ake rage wa wasan sauri. Na mayar da ita ɗakin Yaya, na ce gyaran nan ya lalace da kansa, kayan kyauta ke nan.

Ya yi tuƙi kaɗan, lafiya lau, har ya wuce kwanar farko da ta biyu. Sai ya tsayar da motar a gefen hanya.

"Ƙanwata," ya ce, "gargadar ba ta nan. Wannan hannun mutum ne ya rage mata gudu."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu.

"Da can na ɗauka injin ne gurgu. Yanzu na san ko wane ne." Na rasa inda zan sa idona don kunya da tausayi. Can ya ce, "Kira Mushe ya mayar mata da gudunta. Ban taɓa roƙon a rage wa mota ƙarfi saboda ni ba."

Mushe ya zo ya mayar. Yaya ya ɗauki hannun dama da na hagu ya ɗora a kan birki. Kwanar farko motar ta kife, ƙafafunta a sama. Na miƙa hannu zan kashe, ya buge mini shi.

"Ke, matsa," ya ce. "Wanne ake dannawa a sake?"