Akwatin Umaru Mai Turi na kuka cikin ɗakina

Malama Asabe, don Allah aje tsintsiyar nan ki zo, yanzu-yanzu. Ɗauko alƙalami. Kin ji shi? Tun hantsi shika wanga kuka, ga jar wuta ta kama ga goshinai. Ni ban yi boko ba, ban san mi shika so ba, wanda yas san harshenai kuwa shina kwance maƙabarta. Rubuta abin da nika faɗi, a karanta ma mutane ranar sadakar bakwai. Sunan ki sa shi da kanki can bisa. Ɗan fari ne, ban faɗe shi ba shina raye, ba yau za ni fara ba.

Ina tankaɗe direba yay yi sallama ga zaure. Da nif fito nig ga hular ɗana ga hannunai, ban tambayi komi ba. Motarsu ta faɗi hanyar Sakkwato suna komowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yam miƙo mini hular da wata leda, cikinta ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, sabo cikin kwalinai. Shi yat tafi saye. Ku riƙe zancen ledar nan, za ni komo gare shi.

Kowa ya san sana'atai nan Tambuwal, turi. Ka kawo waya shagonai na bakin gida, shi tura maka karatu ko wa'azi ko waƙa. Abin da ba ku sani ba shi ne inda karatun yaf fito. Zamanin da kuɗin mai yash shigo, muna Kebbe, maza sunka dinga sayen babura da agogo. Mahaifinai, Allah shi jiƙanai, rediyo mai kaset yas saya. Duk zauren da malami ka karatu sai ya kai shi ya danna ya ɗauki muryar. Har munka komo nan muna jan buhun kaset kamar gero. Yaron nan yaz zamna yak kwashe su ɗai-ɗai cikin na'ura, yag gama, damina guda ta zubo ta rufin ɗaki tac cinye kaset ɗin duka. Muryar tsoffin malaman Kebbe yau babu ta ko'ina sai cikin baƙin akwatin nan da ka kuka bayan gadona.

Sayen akwatin nan, Malama, sai da yat tsufar da ni. Mutum shi tafi kasuwa shi sayo abu shi komo, an gama. Shi ko a'a. Shi tafi Sakkwato shi diba, shi komo hannu wofi, shi zamna shina lissafi da baki har tuwo shi huce. Saba shika ce mata, wai uwar sauran na'urorin shago, ita ka riƙe komi, su suna ɗiba gare ta. Abin hannunai kaɗan ne, dole a bar wani abu a ɗauki wani.

Baffanai Sule, ƙanen mijina, yaz zo dag Kebbe yac ce, "Kai dai sayi sabuwa mai walƙiya, mai babban gilashi, mutane su san ka buɗe shago."

Yac ce, "Baffa, wanda yas sayi doki bai rage na harawa ba, kallo yas sayo ma mutane."

Sai ga shi da gwanjo, tsohon akwatin ofis, ko gilashi babu, gefe guda ya kwarzane. Sule yay yi dariya har da buga cinya, "Wanga ai ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai ciki!" Ni ma na ji kunya, ba ni ɓoyewa. Amma abin da yar rage ga jiki, ciki yaz zuba shi. Yaƙ ƙara mata abin tuna aiki, wai tabarmar shanya ce, in ta yi ƙanƙanta aiki ka hawa bisa aiki. Yas sayi batur manya da abin daidaita wuta, don wutar garin nan in ta zo da haukanta ba ta sallama. Sannan ƙarafen nan na ajiya, da shika ce ma rumbu don in gane, su kam sababbi yas saya, guda biyu iri ɗaya.

Nic ce, "Biyu na mi, kai da ka kukan babu?"

Yac ce, "Inna, jiki na gwanjo ba laifi, amma ba a zuba gero ga rumbun da ba a san wa yag gina ba. Kuma rumbu guda ba rumbu ba ne. Abin da ac cikin wanga, shi ac cikin wancan. In ɗaya ya mutu, ɗaya shi riƙe mu kafin a sake."

To ina za a aje ta? Shago kwano ne, zafi ka kashe ta, na'urar sanyi kuwa ta fi ƙarfinai. Sai yad dubi ɗakina na ƙasa, mai sanyi ko cikin bazara, yah huda mini bango yaz zuro waya. Ni da ko rediyo ban iya kunnawa, na wayi gari ina kwana da abu mai numfashi. Yah hana ni turare ciki, yah hana ni rufe ta da zane, yah hana ni ɗora ƙwaryar fura bisanta. Na yi faɗa har na gaji. Shi sai shi yi murmushi shi danna wani wuri can shago, in ji muryar mahaifinai shina gyara ma ɗalibi karatu. Sai in bar faɗan. Ya san laƙanina.

Haka shike da kowa. Tsohuwa ta zo da wayar jikanta ba ta da ko sisi, shi tura mata shi ce ta yi mai addu'a. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, taurin kai dai kamar jakin Kebbe.

Yanzu ku ji abin da ka ci mini rai. Ranar da za shi tafi ya faɗa mini rumbu ɗaya ya mutu, saura ɗaya. Na cikin ledar nan shi ne madadin. Tun da anka fara zaman makoki, duk wanda yaz zo gaisuwa sai shi ce "Allah shi jiƙai, Inna" da baki, hannunai na laluben batur shina soka wayatai ta sha wuta. Ku ji tsoron Allah! Abincinta ne kuka shanyewa, ina jin shi ne kukan. Sule kuma ya shigo ya buɗe ta ya leƙa, yac ce ai rabon nan ma da sauƙi, rumbu biyu ga na ukku cikin leda, marayu ukku, kowa shi ɗauki guda, batur a saida. Nic ce mai ba awaki ba ne. Yac ce, "Yaya, ke mi kinka sani ga na'ura?" Ban san komi ba. Na dai san in anka zare rumbu mai ran nan, shago ya mutu, abincin yaran ya mutu, malaman Kebbe sun sake mutuwa. Na kulle ɗakin, makulli na ga haɓar zanena, amma ni tsohuwa ce, ba ni iya tsare ƙofa har abada.

Allah ka jiƙan yaron nan, ka yafe mai, ka sanyaya kabarinai fiye da yadda yan nema ma akwatinai sanyi. Duk harafin da wani yaj ji ta hannunai, ka sa shi ga mizaninai. Ka ba matatai haƙurin takaba, ka raya marayunai bisa imani, ka shirya Sule.

A nemo mai gyara dag Sakkwato shi sa sabon rumbun, wannan dole. Amma kafin kowa, Malam Buhari na Kebbe za a faɗa ma, wanda Sule yak kira shi yi rabon gado. Tafsirin mahaifin Malam Buharin na ciki, wanda yar rasu yab bar shi shina goye. A ce Inna Kulu ta ce shi zo shi zamna shi ji muryar tsohon tukuna, sannan in ga hannun da za shi raba.