Burodin Kabewa a Tukunyar Yashi

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Oktoba, ina da shekara tara, ina tsugune a gefen wani gini da ake yi a bayan layinmu a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a China, ina kwasar yashi da gwangwanin madara ina zubawa a leda. Zafin garin ya sassauta, iska tana kaɗawa, amma ni gumi nake yi don tsoron kada maigadin wurin ya hango ni. Umma tana tsaye can bakin titi, ta rungume kabewa a ƙirji, sai waige-waige take yi. Ledar tana cika muka kama hanya da sauri, ba mu tsaya ba sai da muka hau har hawa na sha biyu muka turo ƙofa.

Ƙaryata ce ta kai mu ga satar yashi. Makarantar 'yan China nake zuwa, ni kaɗai ce baƙar fata a ajinmu. A filin wasa ba ni da matsala, na iya tsallen igiyar roba, na iya buga ɗan abin nan mai gashin tsuntsu da ƙafa har sau ashirin bai faɗi ba. Wajen abinci ne ake ware ni. Da aka raba kek ɗin bikin wata ban ci ba, don Umma ta ce wani ana sa masa kitsen alade, sai yara suka fara cewa a gidanmu ba a san abu mai daɗi ba. Ana nan malamar Turanci ta nuna mana hoton wani burodi a littafi, ruwan ɗorawa, naɗaɗɗe, ta ce a wasu ƙasashe ana yin sa da kabewa da kirfa idan kaka ta yi. Ta ce ranar Litinin kowa ya kawo abin da ake yi a gidansu. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ce wannan burodin kowane mako uwata take yi ba.

Lokacin kuwa gidanmu ba ya cikin natsuwa. Abba, wanda yake haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya daga kasuwar Baima yana tura musu, ya tafi gida Kano sabunta biza da niyyar mako uku, ga shi an shiga na bakwai. Takardunmu ni da Umma a jikin tasa suke. Umma ta kasa zama. Ta goge taga, ta sake ninke kayan da ta riga ta ninke, ta jera katan-katan na samfurin Abba ta rushe ta sake jerawa, ta fita baranda ta kalli motocin titin Huanshi Lu, ta dawo ta duba waya. Ba ta jin yaren garin, ni ce bakinta. Ni ke sauke shara, ni ke sayo ganye, ni ke shanya a sandar gora, don ba ta son fita kada a tare ta a nemi takarda.

Sai safiyar Asabar na iya gaya mata abin da na yi, ina jiran ranƙwashi. Ta karɓi littafin ta daɗe tana kallon hoton. "Alkubus ne aka naɗe shi kamar gammo," in ji ta. "Ɗauko min mayafina."

Kabewa ba ta yi wuya ba. Fulawa da yis da bota muka saya a shagon wasu Musulmin China. Kirfa ce ta wahalar da mu, don ban san sunanta da yarensu ba, duk inda na kwatanta sai a kaɗa hannu a ce "mei you", babu. A ƙarshe hancin Umma ne ya gano ta a rumfar wata mai kayan yaji, ɓawo-ɓawo a cikin buhu. Abin gashi kuwa ba mu da shi, gidajen garin turarawa suke yi, shi ya sa Umma ta ce za ta gasa yadda aka koya mata gasa kek a Kano, a tukunya a kan yashi mai zafi.

Ta dafa kabewar ta tuƙe, ta kwaɓa da fulawa da madara, ta rufe da zani. Amma ba ta bar ƙullun ya huta ba, jim kaɗan ta ɗaga zanin ta leƙa. Ta sa ni dakan kirfa a ɗan turminmu, ƙasa tana amsawa. Ban yi nisa ba aka fara dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta. Umma ta daskare, ta dafa bango, na ga leɓenta yana motsi. Da na buɗe sai ga tsohuwar da ke ƙasanmu, wadda yaran gidan ke kira Popo, wato kaka a yarensu, da silifas a hannu, tana faɗa cewa mun hana ta barcin rana. Tana cikin faɗan idonta ya kai kan kwanon. Ta wuce ni, ta danna ƙullun da yatsa, ta ga Umma ta miƙo hannu za ta taɓa, sai ta make hannun.

"Gaya wa uwarki ta zauna," ta ce min. "Idan tana buɗewa ba zai tashi ba."

Na fassara ina ɗar-ɗar. Umma ta dube ta, ta dube ni, sai ta zauna. Ta ma dafa shayi. Kusan awa guda suna zaune suna kurɓa, babu mai jin yaren wata, ni kuma na ƙarasa dakan a kan matashi. Rabona da ganin Umma a zaune haka tun tafiyar Abba.

Da ƙullun ya tashi, Popo ta wanke hannu ta murza shi da kwalba, Umma ta shafa bota ta barbaɗa sukari da kirfa, tsohuwar ta naɗe ta yanka da zare. Ta yi dariya har da hawaye da ta ga yashi a tukunya. Zubin farko ya ƙone, hayaƙi ya cika ɗakin. Na biyu ya yi.

Ranar Litinin na kai guda goma sha biyu a kula. Ba su yi kama da na hoto ba, gindinsu ya yi duhu, wasu sun karkace. Aka zagaye tebur ana kallo, babu mai ɗauka. Can wata yarinya mai suna Lili ta gutsura, ta ce yana ƙamshin miyar naman kakarta amma da zaƙi. Aka yi dariya, aka yi wawa, ko ɓurɓushi bai rage ba.

Da gudu na hau gida in ba da labari. Na tarar da Umma a tsakar ɗaki, manyan jakunkuna a buɗe, tana naɗe kofuna a jarida. An hana Abba biza. Na tambaye ta yaushe ya bugo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Tun ranar Juma'a. Da kika zo da maganarki na ce bari dai a fara fitar da ke kunya." Kafin sanyi ya shigo sosai mun bar garin.

Yanzu a Kano nake da aurena. Idan kaka ta yi kabewa tuli-tuli take a bakin hanya, kirfa niƙaƙƙiya a kwalba, ga abin gashi na zamani, burodina yana fitowa sak na hoto. Umma ta manyanta, tana iya wuni a kan darduma, ni ce yanzu ba na iya zama wuri ɗaya. Yaren da na yi tafinta da shi duk ya zube, sai gaisuwa da ƙirge. Sau ɗaya na koma Guangzhou sayen kaya, na hau benen nan na ƙwanƙwasa ƙofar ƙasan tamu. Wata matashiya ta buɗe, ta tambaye ni wa nake nema. Ashe ban taɓa sanin sunan tsohuwar ba.