Gwaggwarona a Gidan Rawar Bale

Shekarar da maigidana ya shiga rubuta kundin digirinsa na uku, ni da firjin gidanmu na unguwar Bukit Jalil a Malesiya matsayinmu ɗaya: sai an ji yunwa ake tunawa da mu. Ya fita da safe, ya dawo da tapau, wato ƙunshin abincin saye, a leda daga wajen mamak masu shagon abinci, ya zauna gaban kwamfuta ya ba ni ƙeya. Ƙeyar nan na san ta fiye da fuskarsa. Da tura ta kai bango na ce masa, "Malam, ƙarshen wata Kano zan koma. Ka zauna da amaryarka kwamfuta, Allah ya ba da zaman lafiya." Ba barazana nake ba, har na sauko da akwatina daga saman sif.

Sai ga shi da tikiti biyu. Wai farfesar da ke duba aikinsa ce ta gayyace mu kallon wata rawa, bale ake ce mata, a kan rayuwar wani makaɗin Turawa na zamanin da. Kada ku ɗauka soyayya ce ta motsa. Babi ya miƙa mata tun tuni, so yake ta karanta.

Ni kuwa da na ji rawa, biki na ji. A garinmu wa ke zuwa wurin rawa da kai a kwance? Ranar Lahadi bayan azahar na ciro leshina, na zauna gaban madubi na kafa gwaggwaro mai fukafukai, irin wanda ake gani tun daga bakin layi. Ko motar haya sai da na karkace wuya kafin na shiga.

A zauren kowa ya sha baƙi da toka-toka, ba mai ko tari. Aka zaunar da mu can gaba kusa da farfesa, wata siririyar dattijuwa mai gilashi. Ban gama gyara zama ba sai ga ma'aikaciyar wurin ta rusuna kusa da ni.

Ta nuna gwaggwarona, ta ce da irin maganarsu ta can, "Madam, boleh a cire? Na baya ba sa gani, lah."

In cire! In buɗe kaina a gaban maza don wani ya samu damar kallon ƙato cikin matsattsen wando yana tsalle. Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce to akwai kujeru a layin ƙarshe, jikin bango, inda ba wanda zan tare wa.

Na miƙe, na dubi Malam. Ya dube ni, ya dubi farfesa, sai ya sunkuya yana gyara takalmin da ko igiya ba shi da ita. Na hau matakala ni kaɗai, ido duk a kaina. Wallahi raina ya ɓaci, har idona ya kawo ruwa.

Aka kashe fitila, labule ya buɗe. Ga makaɗin nan zaune gaban fiyano, ya ba matarsa baya. Ba mai cewa uffan, komai da ƙafa ake faɗa. Baiwar Allah ta yi ɗage a kan yatsu, ta kewaya shi, ta juya, ta zube, ta tashi, gogan ko waiwaye. Mutum ya mutu tun ba a haifi kakana ba, amma an tono asirin ɗakinsa, jama'a na ta tafi. Ashe tun daga Kano na taso don in ga an yi rawar zaman gidana. A raina na ce, 'yar uwa, da kin tambaye ni da na hutar da yatsunki, ƙeya ba ta da ido.

Can sai matar ta shigo da akwati a hannu.

Nan na ga wata hula ta taso daga layin gaba. Mai ita na tattaka ƙafafun mutane yana "sori, sori," farfesa ta juyo tana bin sa da kallo ta saman gilashi. Ya hawo yana haki, ya zauna kusa da ni.

"Babin fa?" na raɗa masa.

"Ya jira," in ji shi.

Ya kama hannuna, abin da rabonsa da yi har na manta. Na so in ja aji, na kasa, daɗi ya riga ya kama ni.

To kada ku zaci an koma fim. Kiɗan ya yi sanyi, ga sanyin zaure, ga mutumin da ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Kafin matar ta kai bakin ƙofa kansa ya faɗo kafaɗata, ya danne fiffiken gwaggwaron ya karya shi. Gwaggwaron da na ƙi taɓawa saboda zaure guda, shi ke nan ya tashi aiki. Kafaɗata ta yi tsami, amma ban motsa ba har aka kunna fitila.

Farfesa ta ƙara shanya babin har ya ji a jikinsa. Akwatin kuwa, da muka koma gida, shi ya ɗaga da kansa ya mayar saman sif.