Mai Ban Dariyar da Aka Ciyar

Kakarmu Asta ba ta iya Hausa sosai ba. Namiji ta ce "ita", mace ta ce "shi", amma babu wanda ya taɓa gyara mata. A gidanmu na Digil, kusa da Mubi, da an gama cin tuwo bayan magariba, sai mu zagaye murhunta tana gasa mana gyaɗa. Takan ce, "To, ga ta nan tafe, mai surutu ba gyaɗa."

Labarin da ta fi maimaitawa shi ne na Bappa Jauro, wani mai ban dariya a wani gari da yunwa ta kama. Mai garin ya kulle rumbuna yana jiran hatsi ya yi tsada. Ranar kasuwa sai Bappa ya cusa tsummoki a riga, ya yi tumbi, yana tafiya irin ta mai gari yana gyatsa. Kasuwa ta kece da dariya. Kunya ta sa mai gari ya buɗe rumbu.

Daga nan mai gari ya kira shi, ya ba shi riga da cinyar rago. Kasuwa ta gaba, Bappa ya fito yana ɗingishi, yana kwaikwayon wata tsohuwa mai tsintar hatsi a ƙasa. A nan muryar Kaka takan canza. "Kuma suka yi dariya! Tsohuwar tana tsaye a wurin, suka yi dariya!" Sai ta buga itace a wuta har tartsatsi ya tashi. Tsohuwar ba ta sake zuwa kasuwa ba, a ɗakinta aka iske gawarta. Mu yara mukan ji haushi, don mun fi son wurin tumbin.

Shekarar da aka gudu daga Mubi, da ƙafa muka bi hanyar Maiha. Kaka ta ƙi yarda a goya ta. Kwana biyu tana jan ƙafa da tabarma a kai, a na uku muka binne ta a gefen gonar wani da ban san sunansa ba.

Watan jiya na je wani taro da aka shirya wa manyan gari. Mai gabatarwa, saurayi da jar hula, ya ɗora tabarma a kai, ya tanƙware baya, yana ihu da muryar tsohuwa: "Wayyo, mijina ta gudu, ta bar ni!" Manyan da ke layin gaba har da share hawaye. Cikinsu akwai wanda na gani da idona ya wuce mu a mota, gilas a rufe, ran da muke wannan tafiyar. Sai ranar na gane abin da ke sa Kaka dukan wuta. Ba dariya ta tsana ba, ita da ta fi kowa barkwanci. Abin da take tambaya kullum shi ne wa ake yi wa, kuma wa ya biya.

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Kakata ka yi ɗazu."

Ya ce, "Haba Anti, ai wasa ne."

Na ce, "To, koma ka yi mana na wancan mai motar."

Ya waiga ya dube shi, ya rage murya. "Anti, so kike a daina kirana aiki?"