Tatsuniyar Kaka da Kwamfutar Baba Ta Kasa Ɗauka

A gidanmu na unguwar Maamobi a Accra, da an idar da magariba Kaka takan jawo murhun gawayi bakin ƙofar ɗaki ta ɗora ruwan shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Uwar babanmu ce, kuma ba ta fara labari sai kowa ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Ga wata nan tafe," takan ce, "ku matsa mata."

"Mun matsa, ta zauna," mukan amsa.

Ina aji huɗu Baba ya sayo tsohuwar kwamfuta a kasuwar Agbogbloshie, farin akwati mai gurnani kamar injin markaɗe. Ƙanensa, Kawu Sani, ya sa mata manhajar ɗaukar murya, ya ja wayar makirfo ta taga har gaban Kaka. Ya ce daga yau ba tatsuniyar da za ta ɓace a gidan nan. Sai dai manhajar sabuwa ce, na'urar kuwa tsohuwa, ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa. Gajeren labari takan ɗauke shi lafiya. Dogo kuwa, ana tsakiya sai ta sandare.

Tatsuniyar da muka fi so doguwa ce. Wani manomi ne siriri, ya gina rumbu, ya yi masa ƙofa daidai jikinsa don kada kowa ya shiga. Ya zuba irin dawar da ya gada, ya tafi fataucin goro. Ya yi arziki, ya yi teɓa. Da ya dawo ya tarar fari ya cinye garin, babu sauran iri sai nasa. Mutane suka taru, ya tura kai a ƙofar rumbun, kafaɗa ta ƙi.

A daidai nan na'urar ke tsayawa, kullum.

"Ei, Sani," in ji Kaka, "wannan akwatinka, kansa ƙarami paa. Ko ɗan akuya ya fi shi riƙe magana."

Kawu ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa, wani ɗan koren falle. Muka buɗe cikin akwatin, ya gwada, ya juya, ya danna. Tsagar fallen ba ta zo daidai da ramin ba. Mai gyara a Adabraka ya ce ƙirar tamu ta tsufa, an daina yin irin nata, sai dai a jira a ga ko za a dace da wata matacciya a cire. Muna cikin jira Kaka ta rasu.

Bara na kunna na'urar da kyar, na kara wayata a lasifika na kwashe muryar. 'Yata Hauwa ta saurara har inda ta yanke.

"Mama, to ya shiga?"

Na lalubi ƙarshen labarin a kaina, na rasa. Na kira yayana, ya ce fasa rumbun aka yi. Ƙanwata ta rantse ramewa mutumin ya yi. Kawu ya ce shi a lokacin yana fama da maɓalli. Wallahi raina ya ɓaci, don na tabbata Kaka ba ta taɓa barin labari a hanya ba. Kullum sai ta ƙarasa. Mu ne da na'ura ta tsaya muke rugawa ɗaki mu ga ko za ta farfaɗo, mu bar tsohuwa tana ba garwashi labari.

Da ina yarinya na ɗauka rowa tatsuniyar ke zagi. Yanzu da na girma, ƙofar nake tunani, da yadda mutum zai adana abu har ya fi ƙarfin hannunsa. Ban san ko abin da Kaka take nufi ke nan ba, kuma babu wanda zan tambaya.

A ɗauka ta ƙarshe na'urar ta ɗan jure fiye da kullum. Ana jin ƙafafunmu mun riga mun tashi, don mun ɗauka ta tsaya inda ta saba, sannan muryarta ƙasa-ƙasa:

"Ku bar akwati ku dawo. Sauran yana wurina."