Gurbi Biyar a Kwalin Harsashi

Ni ban taɓa son bindiga a gidana ba. A garinmu na Filato na san ƙararta tun kafin in san kamanninta, kuma duk ranar da muka ji ta, gudu muke yi. Shi ya sa da maigidana ya sayi bindigar farauta a nan Greensboro ta Amurka, na yi kwana uku ina kai ƙararsa gaban Ubangiji. Shi kuwa ɗan maharbi ne. Wani dattijo Bature da suke aiki tare, mai gona a Summerfield, shi ya ja shi harbin barewa, daga baya suka koma harbin faifan ƙarfe daga nesa, wai yadi ɗari biyar.

A kakar bara ya shiga tunanin canza bindiga. Tasa tana cin harsashin da suke kira 270, dattijon kuma yana ta zuga shi ya koma 308. Har ya ba shi guda biyar a 'yar leda mai zif, ya zo gida ya duba. Sati biyu kullum bayan cin tuwo sai ya jera su a tebur, dogon nasa da gajeren na dattijon, yana lissafin wanda ya fi saurin faɗuwa da wanda iska ta fi turewa.

"Maman yara, dubi nan. Gindinsu ɗaya ne, amma kan gajeren ya fi kauri."

"Baban yara, ka kwashe min su daga inda muke addu'a."

Ya ci gaba da bayaninsa, ni kuma na buɗe famfo don kada in ji.

Ranar Alhamis ina gyaran gareji na buɗe durowarsa. Ga kwalin harsashinsa mai gurbi ashirin, biyar babu komai a ciki. Ga kuma ledar nan da guda biyar suna yawo. Haka uwata ta koya min: ashana in ta zama rabi a kwali biyu sai a haɗe ta, kuma leda mai kyau ba a barin ta a banza. Na zura su ɗaya bayan ɗaya, kai ƙasa. Suka zauna daram. Na rufe kwalin, na ninke ledar na kai kicin, har ina jin daɗin na yi abin kirki duk da tsorona.

Asabar da safe ya ɗauki kayansa ya tafi gonar dattijon. Wajen ƙarfe goma ina ƙulla dambun nama da zan kai wa matan zumunta gobe a coci, sai na jawo ledar nan. Da na baje ta, na ga jan rubutu da Turanci a bayanta, hannun dattijon: na kallo ne kawai, kada ka sa a bindigarka.

A nan maganar da na rufe da ƙarar famfo ta dawo min, domin ashe kunne ya ɗauka. Ya ce gajeren zai iya shiga bindigarsa ta rufe lafiya lau, amma kansa ya fi ramin bututun kauri. In aka harba, ba shi da hanyar fita gaba. Ta baya kuma fuskar mutum ce.

Na kira shi sau shida. Na san abin toshe kunne yana kansa, wayar kuma tana mota. Lambar dattijon ba ni da ita. Ni da tuƙina bai wuce coci da kantin cefane ba, na tsinci kaina a babbar hanya, motoci suna wuce ni kamar a tsaye nake. Sau ɗaya na taɓa zuwa gonar, cin abinci, abin da na riƙe kawai farin shinge ne da dawakai. Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa. "Yesu, idanunsa," shi nake ta maimaitawa.

Ina kashe mota na ji ƙarar bindiga. Jikina duka yana cewa in koma, in kwanta a ƙasa kamar yadda muke yi a gida. Ban taɓa tafiya wajen da ƙarar bindiga take fitowa ba sai ranar. Na bi gefen shingen, ciyawa tana jiƙa min ƙafa, kowace ƙara sai in tsaya in saurara ko ihu zai biyo baya.

Na same shi kwance rub da ciki, kumatunsa manne da bindigar, kwalin a buɗe a gefensa. Dattijon ne ya fara ganina, ya dafa masa kafaɗa. Maigidana ya buɗe bindigar, ya cire abin kunnen.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Na miƙa masa ledar. Ya karanta, ya dubi kwalin, ya dube ni.

"Kin yi gyara ke nan."

Na gyaɗa kai. Ya ɗauki harsashin da ya faɗo daga bindigar ya juya gindinsa: 270. Ya zaro na kusa da shi a kwalin. Gajere ne. Dattijon ya cire hularsa ya zauna a kan wani kututture.

"Ai da na lura," in ji maigidana. "Tsawonsu ba ɗaya ba ne." Can ya kalli ƙafafuna. "Da silifas ɗin wanka kika yi tuƙi har nan?"

Sai a lokacin kuka ya zo min.

Ya ware biyar ɗin ya mayar wa dattijon a ledarsu, ya ce ya gama zaɓe, nasa ya ishe shi. A gida ya sa ni na saka tabarau, ya nuna min ƙananan lambobin da ke gindin harsashi har na iya karanta su, sannan ya sa wa durowar kwaɗo. Bindigar har yau ba na son ta. Dambun kuwa a roba na kai wa matan zumunta, ban gaya musu dalili ba.